Sharhi Kan Toyota Hilux Mai Injin Dizal a Hanyoyin Arewacin Kamaru

Motar da nake magana a kanta Toyota Hilux ce mai ƙofa huɗu, mai jan taya huɗu, daga cikin ƙirar da kamfanin ya riƙa fitarwa tsakanin 2005 da 2015, kuma injin da ke cikinta shi ne dizal ɗin nan mai lita uku da ake kira 5L-E, wanda ba shi da turbo. Na saye ta a hannu na biyu a Garwa, daga wata ƙungiyar raya karkara da ta kammala aikinta ta sa motocinta a kasuwa, kuma tun daga lokacin da ita nake harkar hatsi da albasa tsakanin Garwa da Marwa da kasuwannin ƙauye irin su Pitowa da Gidar, wani lokaci har Kusiri a bakin iyakar Chadi. Dalilin wannan rubutu shi ne sunan Toyota ya yi ƙarfi a yankinmu har ya kai mutum yana sayen mota saboda tambarin da ke goshinta kawai, bai tambayi wane inji ne a ciki ba, bai kuma yi tunanin irin man da zai riƙa ba ta ba. Ƙarkon da ake yaba wa wannan mota gaskiya ne, na shaida shi, amma yana da dalilai kuma yana da sharuɗɗa, kuma wanda bai san su ba zai yi asarar kuɗi ya koma yana zargin abin da ba shi da laifi.

Kamfanin bai fara da mota ba. Sakichi Toyoda, ɗan wani kafinta a Japan, injin saƙa ya ƙware a ƙerawa, kuma wanda ya kammala a 1924 yana da wata siffa da ta bambanta shi da saura: da zarar zare guda ya tsinke sai injin ya tsaya da kansa, don kada ya ci gaba da saƙa yadi mai aibi. A 1929 aka sayar wa kamfanin Platt Brothers na Ingila haƙƙin wannan fasaha a kan fam 100,000. Ɗansa Kiichiro Toyoda ya buɗe sashen motoci a cikin masana'antar saƙar a 1933, sannan a 1937 sashen ya tsaya da ƙafarsa a matsayin kamfanin Toyota. Tunanin nan na tsayar da aiki da zarar an ga aibi shi ne ya bi su har cikin masana'antar mota, inda injiniya Taiichi Ohno da abokan aikinsa suka shimfiɗa tsarin da ya bai wa ƙaramin ma'aikaci ikon jan igiya ya dakatar da layin haɗa motoci idan ya ga kuskure, a gyara shi a wurin kafin ya wuce gaba. A ganina wannan shi ne tushen abin da muke mora a yau, domin motar da aka hana wa kuskure tun a masana'anta ba ta zuwa ta bayyana shi a tsakiyar daji.

Ba a haifi kamfanin da wannan suna na ƙarko ba, wahala ce ta koya masa. A 1950 ya kusa durƙushewa, aka sallami ma'aikata masu yawa bayan dogon yajin aiki, Kiichiro da kansa ya sauka daga shugabanci. Motarsu ta farko da suka kai Amurka a 1958, wato Crown, ta gaza a manyan titunan can saboda rashin ƙarfi da yawan zafin inji, har suka janye ta suka koma suka sake shiri. Daga wancan zamani ne motocin da muka sani suka fito: wadda aka raɗa wa suna Land Cruiser a 1954, Corolla a 1966, Hiace a 1967, sai Hilux a 1968.

Dattawan direbobi a tashoshin Garwa da Marwa suna tuna lokacin da Peugeot 404 da 504 suke riƙe da hanya, musamman bayan da aka fara haɗa Peugeot a Kaduna a 1975, kuma har yau ba su yarda a raina waɗancan motoci ba. Amma abin da ya kafa sunan Toyota a wannan shiyya ya faru ne a maƙwabciyarmu. A 1987 sojojin Chadi, ƙarƙashin jagorancin Hassan Djamous a zamanin mulkin Hissène Habré, suka fuskanci tankokin Libiya da motocin a-kori-kura na Toyota waɗanda aka ɗora wa makaman fasa tanka, suka ƙwace Fada a watan Janairu, suka ƙwace sansanin Wadi Dum a watan Maris, har duniya ta riƙa kiran wannan faɗa yaƙin Toyota. Yaƙi ba abin alfahari ba ne, an yi asarar rayuka da dama, kuma mu a Arewa Mai Nisa mun san yadda irin waɗannan motoci suke zama masifa idan suka faɗa hannun 'yan ta'adda. Duk da haka, abin da ya sa soja ya zaɓe su shi ne ya sa ɗan kasuwa yake zaɓarsu: ba su da nauyin da zai nutsar da su a rairayi, suna tafiya mai nisa ba su nemi gareji ba, idan kuma suka tsaya ana iya ta da su da kayan aikin da ke cikin akwatin direba.

Hanyar da ta fi gwada min motar ita ce wadda ta tashi daga Mora ta bi ta Waza da Dabanga zuwa Kusiri, tafiyar kilomita wajen 200 da ta daɗe tana cin manyan motocin da ke kai kaya Njamena. A wuraren da kwalta ta ƙare sai ramuka da gargada, Hilux tana wucewa da lodinta ba tare da cikinta ya taɓa ƙasa ba, saboda tsayinta da kuma shasin ƙarfe da aka ɗora bodin a kansa. Da damina kuwa, idan aka sauka daga babbar hanya aka shiga baƙar lakar nan ta filayen masakwa, wadda take kama taya ta riƙe, ƙaramar giyar taya huɗu ita ce take fitar da mutum, muddin tayoyinsa suna da sauran haƙora kuma bai cika totur ba. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa yake haura digiri 40, allurar zafin inji ba ta taɓa barin tsakiya ba, amma wannan yana tafiya ne da wanke lagireto daga ƙura da ƙaiƙayi, da zuba masa ruwan sanyaya inji na gaske maimakon ruwan rijiya, wanda yake tara tsatsa ya toshe hanyoyin ruwa a hankali. Abubuwan da na canza su ne waɗanda hanya da lodi suke ci a kowace mota: kuloci, shokazoba, robobin ƙafa, takalman birki da batir. Ba a taɓa buɗe cikin injin ba tun da ta zo hannuna.

Akwai abubuwan da mai sayen irin wannan ƙira zai sani tun farko, domin haka aka tsara ta. Injin 5L-E ƙarfin dokinsa yana kusa da 100 ne kawai, saboda haka a hawan dutsen da ke gaban Mbe a hanyar Ngaundere, idan baya cike yake da buhuna, sai an sauko zuwa giya ta biyu an bi shi da haƙuri, kuma wuce tirela a kan hanya yana bukatar fili mai tsawo. Ƙafar baya a kan safirin mai ganye take, wanda aka yi domin ɗaukar nauyi, don haka idan babu kaya fasinjan baya yana jin kowane rami a jikinsa. Wanda yake neman motar kai iyali biki cikin natsuwa, Corolla ta fi dacewa da shi, ta kuma fi sauƙin mai. Wannan motar aiki ce, kuma a matsayin motar aiki nake auna ta.

Rashin ƙarfin nan kuwa shi ne farashin da ake biya domin samun sauƙin inji, kuma nan ne nake ganin masu saye suka fi yin sakaci. A cikin bodi iri ɗaya kamfanin ya sa injuna daban-daban. Akwai na zamani masu turbo, irin su 2KD da 1KD da ake rubuta wa D-4D a gefe, sannan daga 2015 aka kawo jerin GD a sabuwar ƙira. Waɗannan sun fi ƙarfi, sun fi gudu, sun fi tattalin mai, amma suna fesa man ne da matsin da ya ninka na iskar taya sau ɗaruruwa, ta cikin ƙofofi sirara ƙwarai, kuma kwamfuta ce take sarrafa komai. Irin wannan inji ba ya yafe ruwa ko ƙasa a cikin gazuwal, wato man dizal. Wani abokin kasuwancina da yake da irinta ya sha mai a jarka a bakin hanya a wani ƙauye, ashe an gauraya shi da ruwa da kananzir, bai yi nisa ba motar ta fara shaƙewa, daga ƙarshe sai da ya canza nozul huɗu da famfon mai, kuɗin da ya kashe ya isa jarin ƙaramin ɗan kasuwa. Laifin na mai sayar da man ne, ba na injin ba, amma a yankin da gidajen mai suke da nisa da juna, kuma man zuwa-zuwa, wato man fasa-ƙwauri da ake sayarwa a bakin hanya, ya zama abin dogaron jama'a da yawa, dole mai saye ya tambayi kansa inda motar za ta riƙa kwana da inda za ta riƙa shan mai. Tsohon inji irin nawa, ko 1HZ mai silinda shida da ke cikin Land Cruiser ta daji tun 1990, ya fi jure irin wannan yanayi, ko da yake shi ma yana da matatar da take tara ruwa a ƙasanta, kuma idan fitilarta ta kama wajibi ne a tsaya a tsiyaye ruwan nan take.

Dalili na biyu na ƙarkon motar ba a Japan yake ba, a garejinmu yake. Babu garin da za ka tsaya daga Ngaundere zuwa Kusiri ka rasa bakaniken da ya san cikin Hilux, kuma kayan gyaranta suna nan a ko'ina, sababbi daga wakilin kamfanin da aka fi sani da CAMI a Kamaru, da na gwanjo daga Duwala, da waɗanda ake shigowa da su ta iyakar Najeriya. Motar da ake samun kayanta cikin yini ɗaya tana komawa aiki, wadda kuwa sai an yi odar kayanta daga Turai tana iya shafe watanni a ƙarƙashin bishiya ko da ta fi ta inganci. Sai dai wannan yalwa ta zo da annobar jabu. Ana buga kwali mai tambarin kamfanin a zuba matatar mai ko ta iska wadda takardar cikinta ba ta tare komai, kuma da hunturu, lokacin da ƙura take rufe gari, matatar iska ta jabu tana barin ƙasa ta shiga ta cinye zoben fistan a cikin 'yan watanni. Araha ba ta ado, kuma a wajen matata da baƙin mai da bel ɗin cikin inji ban yarda a nemi araha ba ko kaɗan. Wannan bel ɗin, wanda fitilar T-BELT take tunatar da lokacin canza shi, idan ya tsinke ana cikin tafiya bawul da fistan suna karo, gyaran ya koma na rabin inji. Akwai masu kashe fitilar ba su canza bel ɗin ba domin su sayar da mota, kuma wannan ha'inci ne da ya kamata a kira shi da sunansa.

Adalci ya sa in ambaci cewa kamfanin da kansa yana da tabo a tarihinsa. A 2009 da 2010 ya janye miliyoyin motoci saboda matsalar totur da ke maƙalewa da shimfiɗar ƙasa da ke danne shi, shugabansa Akio Toyoda ya bayyana a gaban majalisar dokokin Amurka a watan Fabrairun 2010 ya nemi gafara, sannan a 2014 kamfanin ya amince ya biya dala biliyan 1.2 saboda ɓoye wa jama'a gaskiyar lamarin. A watan Janairun 2024 ma an dakatar da fitar da wasu ƙirori na ɗan lokaci, har da Hilux da Land Cruiser 300, bayan an gano an saɓa ƙa'ida wajen gwajin ƙarfin wasu injunan dizal. Haka nan masu alfahari da cewa tasu 'yar Japan ce su sani cewa Hilux ta wannan zamani galibi a Tailan da Afirka ta Kudu da Ajantina ake haɗa ta, kuma ban ga hakan ya rage mata komai ba.

Tsadarta a kasuwar hannu na biyu tana da yawa, har takan kai tsohuwar Hilux ta fi sabuwar motar wani kamfanin kuɗi, amma wannan tsada tana dawo wa mai ita ranar da zai sayar, kuma ita ce take sa ɓarayi suke bin ta, don haka tantance takardun duwan (kwastam) da katin mallaka da lambar shasi ya zama dole kafin a biya ko sisi. Agogon kilomita ba abin dogaro ba ne, domin ana mayar da shi baya cikin sauƙi. Abin da nake bai wa mai saye shawara shi ne ya je da bakanikensa da sassafe, a ta da injin yana sanyi a ga launin hayaƙin da yadda yake kamawa, a buɗe murfin baƙin mai a duba ko yana huci, a shiga ƙarƙashinta a bi shasin daga gaba zuwa baya a nemi walda ko tsagewa kusa da inda safirin yake kamawa, domin a nan ne lodin da ya wuce kima yake barin alamarsa, sannan a sa giyar taya huɗu a kan burji a tabbatar tana shiga tana fita.