Risho mai famfo ko mai lagwani: wanne ya cancanci gyara?

Ɗan'uwa, ka ce ka ci karo da tsofaffin risho biyu a wajen 'yan gwangwan na Ƙofar Ruwa, ɗaya na tagulla mai famfo da aka rubuta Primus a jikinsa, ɗaya kuma kore mai lagwani, kana tambayar wanda za ka gyara ka riƙa tafiya da shi gona da bakin ruwan Tiga. Ni dai na tagullar zan ɗauka, amma sai tankinsa ya ci jarrabawa tukuna.

Mai lagwani kowa ya tashi ya gan shi a gida. Gyaransa bai wuce awa guda ba: ka sayo sabon lagwani a kasuwar Sabon Gari, ka datse kawunan su daidaita, ka kankare baƙin da ya toshe ragar da ke kewaye da wuta, shi ke nan. Ba ya ƙara, yaro ma zai iya kunna shi, ga shi yana ɗaukar tukunya mai faɗi. Sai dai risho ne na zaman ɗaki. Tankinsa na gwangwani ne, tsatsa tana cinsa daga ciki, kuma ba ya rufuwa ruf. Ka ɗaure shi a bayan babur, kafin ka kai Kura shinkafarka ta sha kananzir.

Mai famfo kuwa don tafiya ya yi suna. Frans Lindqvist ne ya ƙirƙiro shi a Stockholm ta ƙasar Suwidin a 1892, kuma irinsa Amundsen, matafiyin nan ɗan ƙasar Nowe, ya ɗauka zuwa ƙuryar kudancin duniya a 1911. Ba shi da lagwani sam. Famfon yana matsa iska a tanki, iskar ta turo kananzir sama zuwa kan rishon da ya riga ya yi zafi, ya zama tururi, ya fito ta wata 'yar ƙofa da ba ta kai kafar allura ba. Shi ya sa wutarsa shuɗiya ce, tana gurnani, kuma lita guda ta ruwa kan tafasa cikin 'yan mintoci ba tare da gindin tukunya ya yi baƙi ba. Duba ko kan nasa yana kwancewa. Waɗanda aka yi don matafiya ana cire kan a toshe wurin da murfi, ko ɗigo ba ya zuba. Ka kuma kifa shi ka ga gindin. Daga 1911 kamfanin ya fara buga harafin shekara a wurin, A ita ce 1911, B 1912, haka nan.

Ga jarrabawar. Ka rufe murfi, ka toshe 'yar ƙofar da yatsa, a buga famfo kamar sau goma, a tsoma tankin cikin bokitin ruwa. In kumfa ta fito ta murfi, roba ce ta bushe, abin sauyawa ne. In ta fito ta tsaga a jikin tagullar, don Allah bar musu kayansu. Tanki mai iska a matse da kananzir a ciki, ga wuta a samansa, ba a faci da shi.

Nawa na gāda ne daga kawuna, da shi yake dafa shayi in ya fita fatauci. Ranar da na ɗauko shi, famfon yana shiga yana fita fayau, ba ya kama komai. Da na zaro sandar, sai ga 'yar fatar da ke bakinta ta ƙeƙashe kamar kilishi. Wani baduku a Ƙofar Wambai ya yanka mini sabuwa, na jiƙa ta a man keke ta kwana, washegari famfon ya kama har ina jin ƙarfinsa a babban yatsana. Jikin kuma da tsamiya da toka na goge shi, koren nan ya tafi, rubutun ya fito ɗaya bayan ɗaya. Kuskuren da na yi shi ne kai shi wajen mai walda don ƙafa ɗaya da ke rawa. Da dalma aka haɗa shi tun asali, yana kanga masa wuta sai wata ƙafar ma ta saki. Mai gyaran fitila da risho ne ya mayar da su, kuma wajensa ya kamata in fara zuwa.

Kunna shi yana son haƙuri, a nan mai lagwani ya fi shi sauƙi. Ka zuba sifirit a ɗan kofin da ke ƙarƙashin kan, ka kunna, maɓallin iska, wato ɗan sukurun da ke sakin iskar tanki, yana buɗe. Sai ya kusa cinyewa za ka rufe ka buga famfo. In ka yi gaggawa, jar wuta za ta tashi tsawon kamu. Kada ka firgita, buɗe maɓallin iska kawai ta mutu. In ƙofar ta toshe, da siririyar wayarsa ake soke ta, allurar ɗinki tana faɗaɗa ta har ya koma yin hayaƙi. Fetur kuwa kada ya kusance shi, kuma ka sayi kananzir a inda ka amince, don gurɓatacce ya ƙona gidaje da yawa a ƙasar nan.

Su biyun ba mai son iskar hunturu, saboda haka ka tanadi ɗan kwanon rufi na kare wuta, ka bar tankin a sarari ya sha iska. In za ka koma Ƙofar Ruwa, tafi da 'yar fata da man keke a aljihu, don ba lallai famfon ya kama a wurin gwajin ba.