Gidan tarihin Alutiiq na Kodiak: masu kayan ne ke riƙe da makulli

Duk wanda hanya ta kai shi tsibirin Kodiak a jihar Alaska ta Amurka, shawarata ita ce ya ware wa gidan tarihin Alutiiq rabin yini cur. Na sha shiga wuraren da ake jera kayan 'yan asalin ƙasa a bayan gilashi kamar masu su sun ƙare tuntuni. Wannan ba haka yake ba. Al'ummar Alutiiq, waɗanda kuma ake kira Sugpiaq, su suka kafa shi, su ke tafiyar da shi, kuma jikokin masu kayan ne ke kai da komo a cikinsa.

An buɗe shi a 1995. Dala miliyan 1.5 da aka gina shi da ita ta fito ne daga diyyar malalar man jirgin Exxon Valdez ta 1989, wadda ta ɓata gaɓar teku har da kufan kakanninsu. Mutanen da suka shafe fiye da shekara 7,500 a tsibirin nan sai a lokacin suka sami ɗakin ajiye nasu a ƙasarsu.

Abin da ya fi tsayar da ni shi ne fitilar dutse. Dutse ne mai nauyi da aka fafe cikinsa, aka goge shi sumul, a zuba man dabbar teku a sa lagwani a baki. Ba wani ado ne da ita ba, amma idan ka matsa kusa za ka ga irin haƙurin da aka yi wajen fafe ta da wani dutsen. Har yau ana kunna irinta idan za a buɗe taro. Akwai kuma kayan da aka tono a ƙauyen Karluk, inda damshin ƙasa ya hana itace ruɓewa: akusa, kayan kamun kifi, 'yan tsana na yara. Ka ga abin wasan da wani uba ya sassaƙa wa 'yarsa ɗaruruwan shekaru da suka wuce, jikinka sai ya yi sanyi.

Ba su ɓoye ɗacin tarihi ba, kuma na yaba musu. A 1784 Rashawa 'yan kasuwar fata ƙarƙashin Grigory Shelikhov suka kashe ɗaruruwan mutane a Awa'uq, wani ƙaramin tsibirin dutse da Alutiiq suka fake a kai, daga nan aka tilasta wa maza farauta don amfanin baƙi. Amurka ta sayi Alaska a 1867, makarantunta kuma suka riƙa hukunta yaran da suka yi magana da harshen iyayensu. Shi ya sa yau dattawa ƙalilan ne suka rage masu jin harshen tun daga nono.

To, a nan ne aikin gidan ya fi burge ni, domin rabinsa ba a cikin gini ake yin sa ba. Tun 1998 suke da shirin kalmar mako a gidan rediyon KMXT: kalma ɗaya ta Alutiiq, jimla ɗaya, sai ɗan bayani kan al'ada. Minti kaɗan ne, amma ka lissafa mako-mako na shekaru sama da 25. Suna da akwatunan koyarwa da malamai ke ara, suna kuma kai darussan sassaƙa, ɗinki da saƙar kwando ƙauyuka irin su Old Harbor, Akhiok, Ouzinkie da Port Lions, waɗanda babu titin mota da ya haɗa su da birnin Kodiak, sai jirgin sama ko na ruwa. Da rani kuwa sun daɗe suna gayyatar jama'ar gari su zo a yi tonon tarihi tare a wajejen Womens Bay, kusa da birnin. Ɗalibi da ɗan fansho kowa ya durƙusa a rami ɗaya da masana, a koya masa yadda ake kankare ƙasa a hankali. Wanda ya ciro kan mashi da hannunsa ba zai yarda a wawashe kufai a gabansa ba.

Labarin fuskokin katako da ake rufe fuska da su a bukukuwa ma ya isa a ji. Wani Bafaranshe, Alphonse Pinart, ya kwashi da yawa a 1871 zuwa 1872, suka ƙare a gidan tarihin Boulogne-sur-Mer a Faransa. Masassaƙan Alutiiq suka bi sawunsu har can suka nazarce su, sannan a 2008 aka kawo guda 34 Kodiak aro, a zamanin da Sven Haakanson Jr. ke shugabantar gidan tarihin. Aro, ba mayarwa ba, kuma wannan yana ci mini rai. Amma fuskokin da matasa ke sassaƙawa yanzu daga wannan haɗuwar suka samu ƙarfi.

Shagonsu na sayar da aikin hannun masu sana'ar Alutiiq: 'yan kunne, kayan duwatsun ado, ƙananan kwanduna na ciyawa. Ba su da araha, kuma bai kamata su yi araha ba, kwando ɗaya kan ci makonni. Akwai tambarin da ke shaida cewa ɗan ƙabilar ne ya yi abin, a duba shi kafin a biya.

Gidan ba babba ba ne, mai gaggawa zai zagaye shi nan da nan ya fita bai ga komai ba. A tuntuɓe su tun kafin tafiya a ji ranar da ake darasi ko taro, a daidaita zuwan da ita. Daga birnin Anchorage tafiyar kusan awa ɗaya ce a jirgin sama, akwai kuma jirgin ruwa daga garin Homer, sai dai hazo da iska kan tsayar da sufuri a Kodiak, don haka a bar rarar kwana ɗaya ko biyu a lissafi.