Bin gida-gida ko tallar waya: neman aikin yankan ciyawa a Legas

Wanda ya sayi injin yankan ciyawa a Legas, hanya biyu ce gabansa: ya bi gida-gida, ko ya sa hotuna a WhatsApp da Facebook ya jira kira.

Wayar ta fi sauƙi ga mai kunya, ba wanda zai kalle ka sama da ƙasa. Sai dai masu tambayar farashi sun fi masu biya yawa.

Bin gidaje kuwa sai an daure. Ranar farko da na taso daga Agege zuwa Magodo, gabana na ta faɗuwa, na wuce gida uku ban ƙwanƙwasa ba. A na huɗu maigadin Basakkwace ne. "Malam, madam ba ta son surutu," in ji shi, "gyara bakin get ɗin nan ta gani." Na yanke, na share, na kwashe ciyawar a buhu. Da yamma ta kira.

Ni dai na fi yarda da ƙafa, musamman daga Afrilu zuwa Yuli, lokacin da ruwan sama ke sa ciyawa tashi da sauri. Hotunan ma maigadi nake tura wa, shi ya san maƙwabcin da farfajiyarsa ta zama daji.