Kafin ka sayo wa makarantarka tabarau na VR, zauna ka yi wannan lissafin

A ofishin shugaban wata makaranta mai zaman kanta na taɓa ganin kwali cike da tabarau na roba guda ashirin, irin wanda ake zura waya a ciki a ɗaura a fuska. Ƙura ta lulluɓe su, har gizo-gizo ya yi saƙa a madaurin ɗaya. Da kuɗin da iyaye suka tara aka saye su, an ɗauki hotuna ranar buɗewa, an kuma buga a takardar tallar makaranta. Da na tambayi malamin kimiyya yaushe rabon da a yi darasi da su, sai ya yi murmushi ya ce tun zangon farko. Wayoyin da za a zura babu, manhajar da aka dogara da ita kuma an rufe ta.

Abin da 'yan kasuwa ke kira VR tabarau ne da ke rufe idon mutum gaba ɗaya, ya nuna masa wata duniya ta kwaikwayo. Idan ya juya kai hoton ya juya da shi, sai ya ji kamar yana tsaye a cikin zuciyar ɗan Adam tana bugawa, ko a bakin dutse mai aman wuta. Duk wanda ya gwada sau ɗaya ya san abin yana ɗaukar hankali. Sai dai mai makaranta ba mamaki zai saya ba, darasi zai saya, kuma kayan da ke kasuwa sun bambanta ƙwarai wajen kuɗi, da wajen wahalar da za su ɗora wa malami.

Mu fara da mai araha, wato na zura waya. Google ne ya fito da shi a 2014 da sunan Cardboard, kwali ne kawai da gilasai biyu, daga baya kamfanoni suka yi ta ƙera na roba. Abin da ya sa makarantu suka rungume shi shi ne manhajar Expeditions da ta biyo baya a 2015, wadda malami ke jan ragamar ɗalibai daga kwamfutar hannunsa, kowa na kallon wuri ɗaya. Google ya rufe manhajar a ƙarshen Yunin 2021, a shekarar kuma ya daina sayar da kwalin. Samsung ma ya bar nasa, Gear VR. Har yanzu ana samun tabaran a shagunan waya, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, amma kwanon banza ne in babu waya. Wayar ma ba kowace ba. Dole ta kasance da wata 'yar na'ura a ciki mai gane juyawar kai, jairoskof, kuma ƙananan wayoyi masu araha da yawa ba su da ita. Ka zura irin wannan, yaro ya juya kai hoto ya tsaya cak. To idan za ka sayi wayoyi ashirin masu kyau saboda tabarau ashirin na roba, ina arahar take? Ga zafi da waya ke ɗauka bayan 'yan mintuna a rufe, ga jiri da wannan nau'in ya fi kowanne sawa. Ni dai ba zan ba kowa shawarar saye da yawa ba. Guda biyu ko uku don malami ya gwada da wayarsa, ba laifi.

Na biyu shi ne mai cin gashin kansa, wanda allo da batir da kwamfutarsa duk suna cikinsa. A nan Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook, shi ke riƙe da kasuwa. Quest 2 ya fito a 2020 a kan dala 299, yanzu an daina ƙera shi. Quest 3 ya fito a 2023 a kan dala 499, sai Quest 3S a 2024 a kan dala 299. Waɗannan farashin fitowa ne a Amurka, kafin kuɗin jirgi da kwastan da ribar ɗan kasuwa. Akwai kuma Pico, na kamfanin ByteDance mai TikTok. Bambancinsu da na zura waya babba ne. Wancan juyawar kai kaɗai ya sani, waɗannan kuwa sun san ka durƙusa, ka matsa gaba, ka miƙa hannu. Yaro zai iya ɗaukar ƙashin kwaikwayo ya juya shi, ko ya haɗa wayoyin lantarki ba tare da wuta ta ja shi ba. Idan don aikin hannu kake nema, wannan ne.

Amma don gida da wasa aka ƙera Quest, kuma hakan na fitowa fili da zarar ya shiga aji. Kowane tabarau yana son asusu, yana son intanet don saukar da manhaja da sabunta ta. Ƙa'idar Meta ita ce sai ɗan shekara 13 zai buɗe asusun kansa, 'yan 10 zuwa 12 sai ƙarƙashin kulawar iyaye, ƙasa da haka babu. Ke nan mai makarantar firamare zalla ya cire shi daga lissafi. Batir kuma awa biyu ne da ɗan wani abu. Nauyinsa kusan rabin kilo, a goshin yarinya 'yar aji ɗaya na ƙaramar sakandare ba ƙaramin kaya ba ne. Sannan malami ba ya ganin abin da yaro ke gani sai ya haska hoton zuwa waya ko kwamfuta, ko makaranta ta biya kuɗin tsarin kula da na'urori da yawa. In ba haka ba, kana bayanin jijiyoyin jini wani yana can yana harbin dodanni.

Apple Vision Pro da ya fito a 2024 a kan dala 3,499, kuɗin ɗaya ya sayi Quest 3S goma sha ɗaya a farashin fitowarsa. Wannan ba zancen makaranta ba ne.

Na uku shi ne wanda aka ƙera musamman don aji, wanda ya fi suna kuwa shi ne ClassVR na kamfanin Avantis da ke Ingila, ya shigo kasuwa a 2017. Ana sayar da shi jeri-jeri a cikin akwati mai cajin duka a lokaci ɗaya. Malami na zaune da kwamfutarsa zai tura darasi ɗaya zuwa kowane tabarau, ya ga inda kowane ɗalibi ke kallo, ya tsayar da kowa idan yana son a saurare shi. Babu shagon wasanni a ciki. Ga malami wannan sauƙi ne na gaske, kuma shi ne abin da Expeditions ya tafi da shi da aka rufe. Inda gizo ke saƙar shi ne kuɗin shekara-shekara. Rumbun darussan da shafin malami na haya ne, da kuɗin waje ake biya, kuma duk wanda ya ga yadda naira ta faɗi tun 2023 ya san abin da hakan ke nufi ga kasafin makaranta. Darussan kuma an tsara su ne bisa manhajar karatun Turawa, da Ingilishi. Zuciya da duniyoyin sama ɗaya suke a ko'ina, amma tarihi da labarin ƙasa sai malami ya yi tankaɗe da rairaya kafin ya sami abin da ya dace da jarrabawar da yaransa za su zauna.

Akwai wata hanya da ba a rufe ido. Ana ɗaga kwamfutar hannu ko waya, kyamara ta nuna teburin aji, sai manhaja ta ɗora hoto a kai. Merge Cube misali ne: ɗan dunƙulen soso mai kusurwa huɗu-huɗu da zane a jikinsa, yaro ya riƙe a tafin hannu, a allo kuma sai ya ga ƙoƙon kai ko duniyar wata yana juyawa da yatsunsa. Ɗalibai huɗu ko biyar za su iya haɗa kai a kan na'ura ɗaya suna gardama, abin da tabarau ba ya bari. Ba jiri, ba haɗa gumi. Shi ma cikakken darasinsa na biya ne duk shekara, sai dai kwamfutar hannun tana nan tana wasu ayyukan ko an daina biya.

Yanzu lissafin da na ce a yi. Ka ɗauki aji mai ɗalibai 60 da darasi na minti 40. Ka sayi tabarau takwas, wanda a farashin fitowar Quest 3S ya kama dala 2,392 tun bai hau jirgi ba. Sai an yi zagaye takwas kafin kowa ya samu, kowane zagaye minti biyar. Cire lokacin cirewa da gogewa da daidaita madauri, musamman a kan hijabi inda madaurin ke zamewa sai an sake ɗaurewa, ko ga mai sa gilashin ido. Abin da ya rage wa yaro minti uku ne, malami kuma bai ce uffan ba tukuna. Sauran hamsin da biyu me suke yi a lokacin? Duk wanda ya taɓa riƙe aji ya san amsa. Saboda haka tabarau ya fi dacewa da ƙaramin rukuni, kamar ƙungiyar kimiyya bayan an tashi, ko 'yan babbar sakandare masu ilmin halittu da aka kasa gida-gida, wasu na zane, wasu na amsa tambayoyi, wasu na kallo.

Binciken masana ma bai goyi bayan a yi gaggawa ba. A 2019 Guido Makransky na Jami'ar Kofanhagan da abokan aikinsa sun gwada darasin ɗakin gwaje-gwaje iri ɗaya a tabarau da kuma a allon kwamfuta. Waɗanda suka sa tabarau sun fi jin kamar suna wurin, amma sun fi ƙarancin koyo. Shekara guda kafin nan Jocelyn Parong da Richard Mayer a Amurka sun ga irin haka a darasin jikin ɗan Adam: masu kallon hotuna a allo sun fi cin gwaji, amma da aka riƙa tsayar da masu tabarau suna rubuta taƙaitaccen abin da suka gani, sai sakamakonsu ya gyaru. Ke nan aikin yana hannun malamin da zai ce "cire, rubuta, faɗa mini me ka gani". Idan kasafinka babu kuɗin horar da malamai biyu aƙalla, rage yawan tabaran ka saka shi. Na ce biyu ne saboda malamin makaranta mai zaman kanta yau yana nan, gobe ya sami aikin gwamnati.

Sai yanayinmu, wanda takardar talla ba ta san da shi ba. Rana ita ce babbar abokiyar gaba. Gilasan ciki suna tattara haske kamar madubin ƙona takarda, idan aka ajiye tabarau rana na dukan gilasan kai tsaye, cikin ɗan lokaci kaɗan allon zai ƙone ya bar tabo da ba ya gyaruwa. Yaro ya ajiye shi a bakin taga ya tafi tara, shi ke nan. Ƙurar hunturu tana karce gilashi idan aka goge da gefen riga, sai da ƙyalle mai laushi. Zafin bazara a ajin da ba fanka yana sa gilashi ya yi hazo da gumi. Soson da ke taɓa fuska yana shan gumin nan, don haka ka nemi murfin roba da ake iya gogewa, lokacin da ciwon ido na afolo ke yawo kuwa a kulle akwatin kawai. Maganar wuta kuma, in ba ka da sola da inbata da za su yi caji da dare, sayen sola ya riga sayen tabarau.

Idan ka je wurin mai sayarwa, ko a Farm Centre a Kano ko a Computer Village a Ikeja ko wakilin kamfani ne ya zo har ofis, kada ka yarda da bidiyon talla. Ka je da malamin da zai yi aikin da ɗalibai biyu. Ka sa a kashe intanet a buɗe darasi, ka ga abin da zai rage. Ka tambayi wane ne zai gyara idan abin riƙewa na hannu ya lalace, a nan ko sai an aika waje, kuma garantin na wane ne. Ka sa a rubuta maka kuɗin shekara ta biyu da ta uku, da abin da zai ci gaba da aiki ranar da ka daina biya. Ka duba ko ana iya matsa gilasan su dace da tazarar idon yara, domin Quest 3S matsayi uku kawai yake da shi, mafi ƙanƙanta milimita 58, yaro mai ƙaramar fuska zai iya ganin dishi-dishi. Na hannu kuma a yi hattara, batir ya gaji, kuma mai shi na farko yana iya barin asusunsa a ciki.

Da ni ke riƙe da kuɗin makaranta mai matsakaicin ƙarfi, majigi mai haske sosai zan fara saya, da kwamfuta ɗaya, da labule mai kauri. Bidiyon da ake juyawa ta kowace kusurwa suna nan a YouTube kyauta, malami ya ja da linzamin kwamfuta aji duka na kallo tare. Gwaje-gwajen kimiyya na kwaikwayo a kwamfuta, wato PhET na Jami'ar Kolorado, wanda Carl Wieman mai lambar Nobel ya kafa a 2002, kyauta ne kuma ana iya sauke su a yi aiki ba intanet. Shafin Google Arts & Culture na da hotunan tsofaffin rubuce-rubucen Timbuktu da yaran da suka yi makarantar allo za su gane haruffansu. Idan aka yi shekara malamai na amfani da wannan da gaske, sai na ƙara kwamfutocin hannu biyar ko shida. Tabarau sai a karo na uku, guda huɗu, Quest 3S ga 'yan babbar sakandare idan akwai malamin da ya iya na'ura, ko ClassVR idan makarantar na da kuɗin haya na shekara uku a ajiye tun kafin a buɗe akwatin.