The Italian Job: Na Kalli Tsoho da Sabo a Rana Ɗaya

Ƙanina ne ya jawo wannan musu. Ya daɗe yana cika mini baki cewa babu fim ɗin fashi kamar The Italian Job na 2003, ni kuma na ce masa ai wanki ne, na asalin tun 1969 aka yi shi a Ingila. Ranar Asabar muka zauna da kwamfuta da gyaɗa soyayya muka kalle su a jere. Wanda bai gani ba ya yi haƙuri, zan tona ƙarshensu.

Tsohon ya fara da wata Lamborghini tana hawa tsaunukan Alps a natse, waƙa mai sanyi na tashi. Ka saki jiki ke nan motar ta shige ramin dutse, sai ƙara. 'Yan Mafiya sun tare hanya da katafila. Direban da ya mutu ya bar tsarin sata, shi Charlie Croker ya gada da fitowarsa daga gidan yari. Michael Caine ne ya fito a Charlie, ɗan gayu mai shegen baki. Zinari na dala miliyan 4 za su ɗauke a birnin Turin na Italiya, dabarar kuwa ita ce su rikita kwamfutar da ke sarrafa danjojin gari, gosulo ya kulle ko'ina. Mai ɗaukar nauyin aikin, Mista Bridger, fursuna ne, amma gandirobobi na rusuna masa kamar hakimi.

Gaskiya tsakiyar fim ɗin akwai jan rai. Sau biyu ƙanina yana tambaya, “Yaya, wai yaushe za a fara satar?” Barkwancin Benny Hill a kan mata masu jiki bai yi mini daɗi ba, ba kuma na kallo da yara ba ne. Turancin nasu na 'yan Landan ma sai da muka kunna rubutun ƙasa.

Amma da ƙananan motocin Mini uku suka fito, ja da fara da shuɗiya, kalar tutar Birtaniya, gyaɗar ma mantawa muka yi da ita. Suna sauka kan matakala, suna ratsa rumfunan kantuna, suka haye rufin masana'antar Fiat inda ake gwajin mota, suka tsallaka kogi, suka shige wata doguwar kwalbati, 'yan sanda na ta karo da juna a baya. Babu siddabarun kwamfuta a ciki, direbobi ne da ƙarfe. Kiɗan Quincy Jones kuma ya sa abin ya koma kamar wasan sallah.

Sabon, wanda F. Gary Gray ya ba da umarni, ya fi tsari, wannan ba na musu. Satar farko a Venice ta burge ni: suka fasa daɓen bene da nakiya, sef ɗin ya faɗo cikin ruwa, masu gadi suka bi kwalekwalen bogi, su kuwa suna ƙarƙashin ruwa suna kwashe zinarin dala miliyan 35. Daga nan Steve, wato Edward Norton, ya ci amanarsu ya harbe dattijonsu John Bridger. Sauran labarin ramuwa ce a Los Angeles, da Mark Wahlberg da Jason Statham da Charlize Theron, wadda ta fito a 'yar marigayin mai gwanintar buɗe sef. Italiyar da ke cikin sunan fim ɗin a farkonsa da ɗan ƙarshensa kawai ka gan ta. Indiyawa ma sun yi nasu a 2012, Players, da Abhishek Bachchan.

Abin da ya rage mini armashin sabon shi ne yadda aka wanke ɓarayin tas. An ba su uzuri: ɓarawo suke yi wa sata, jinin uba suke nema, don haka kai mai kallo ba ka jin nauyin goya musu baya. Wahlberg kuma fuskarsa ɗaya daga farko har ƙarshe. Na 1969 ba su nemi uzurin kowa ba, kwaɗayi ne da son burga, shi ya sa aka yi musu ƙarshen da ya dace da su. Suna cikin doguwar bas suna shewa a kan tsauni, direba ya kwashi kwana da gudu, bayan motar ya leƙa kwazazzabo. Zinari na can baya, su suna gaba. Charlie ya rarrafa zai jawo shi, ya ƙara zamewa. Ya waiwayo ya ce su dakata, wata dabara ta zo masa, fim ya ƙare. Har a 2008 ƙungiyar masana sinadarai ta Birtaniya ta sa gasa kan yadda za a ceto zinarin nan.

Na ba sabon 7 cikin 10, tsohon 8. Ƙanina bai yarda da makin ba, amma har muka tashi sallar la'asar yana lissafin yadda za a zubar da man tankin bas ɗin don bayanta ya yi sauƙi.