Wata uku ina kwana da darasin bayoloji da kwamfuta a kunne

Ni mai ɗinki ce a Rafindadi, cikin birnin Katsina. Tun bayan rasuwar mahaifiyata barci ya ƙaurace mini. In kwanta ƙarfe goma, in ga sha biyu, in ga ɗaya, ina ta juyi ina lissafin kayan mutane da ban gama ba. Ɗiyata ta fari, wadda ke shirin JAMB, ita ta saka mini wata manhaja a waya. Ta ce, "Umma, ki gwada wannan. Mutumin karatu kawai yake yi a hankali, ko ba ki gane duka ba zai sa ki barci." Yau wata uku ke nan, kuma da yake mata biyu a layinmu sun tambaye ni ko ta cancanci kuɗinta, na ga gara in faɗi abin da na gani dalla-dalla.

Abin da ke ciki karatu ne na sauti, babu hoto. Murya ce ta namiji, da Turanci, yana magana sannu-sannu kamar mai lallashin yaro, ga ƙarar yayyafi a baya wadda za ka iya kashewa. Jeri biyu na bi, na ilimin halittu da na kwamfuta. Akwai agogon da ke kashe sautin da kansa, ni minti 30 nake saka masa. Mako guda kyauta ne, daga nan sai biya duk wata.

Ta fuskar barci, alhamdulillahi, ta yi mini aiki. Sai na gama addu'o'in kwanciya, na karanta Ayatul Kursiyyu da Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi na shafa, sannan in kunna. Abin da na lura shi ne zuciya ba ta iya bin magana biyu lokaci guda. Idan tana bin bayanin yadda ganye ke haɗa abinci da hasken rana, ba ta da sararin komawa kan bashi ko kan ranar da aka fita da Inna. Yawanci ba na jin lokacin da sautin ke mutuwa.

Amma tallarsu ta ce wai za ka koyi ilimi kana cikin barci, kuma wannan ba gaskiya ba ne. Na gwada da kaina. Mako biyu ɗiyata tana tambayata da safe, bayan mun idar da Asuba, me na ji jiya. Kullum abin da ke cikin minti goma ko sha biyar na farko nake kawowa, sauran kuwa kamar an shafe allo. Da na faɗa wa ƙanena, malamin kimiyya ne a sakandare, sai ya ce, "Yaya, ai an daɗe da gwada wannan." A 1956 wasu masu bincike biyu a Amurka, Simon da Emmons, sun maƙala wa mutane na'urar auna motsin ƙwaƙwalwa suna karanta masu tambayoyi da amsoshi cikin dare. Da gari ya waye, abin da aka karanta lokacin da suke farke ko suna gyangyaɗi ne kawai suka tuna. Ya ce aikin barci daban ne: abin da ka riga ka ji kana farke, shi ƙwaƙwalwa ke adanawa ta ƙarfafa shi cikin dare. Wannan ya yi daidai da abin da na gani, domin ɗan abin da na kama kafin ido ya rufe yana zama daram, har yau ban manta ba.

Kuma ɗan abin nan ba ƙarami ba ne a wurina. Daren farko na ji labarin Robert Hooke, Baturen Ingila, da ya yanka ɓawon wani itace siriri a 1665 ya duba ta madubin ƙara girma, ya ga 'yan ɗakuna jere kamar saƙar zuma. Daga nan aka samo sunan ƙwayar halitta a Turance, cell, wato ɗan ɗaki. Na yi sakandare, na haddace wannan kalmar na rubuta a jarrabawa, amma ban taɓa sanin wani mutum ne ya zauna ya gan ta da idonsa ba.

Darasin da ya hana ni barci gaba ɗaya shi ne na jini. Ɗan ƙanwata yana da sikila. Shekara tara muna jinyarsa, mun kwana asibiti ba adadi, musamman da hunturu idan sanyi ya shiga ƙashinsa yana kuka yana cewa a danna masa ƙafa. Duk tsawon lokacin nan abin da na sani kawai jininsa SS ne. A daren nan na ji cewa jajayen ƙwayoyin jinin mai lafiya kewayayyu ne masu laushi, suna kai kwana 120 suna aiki. Na mai sikila kuwa suna lanƙwashewa kamar lauje, su yi tauri, su mutu cikin kwana 10 zuwa 20. Shi ya sa jininsa ke yawan ƙarewa. Idan kuma suka cushe a siraran hanyoyin jini, iska ba ta isa wurin, ciwon nan ke nan da ke sa shi ihu. Na tashi zaune na mayar da sautin baya sau uku. Sannan mai karatun ya yi bayanin gado: idan uwa AS ce, wato tana ɗauke da gadon sikila amma ba ta da ciwon, uba ma AS, kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, biyu cikin huɗu AS, ɗaya AA. Kowane ciki da lissafinsa, ba wai idan an haifi ɗaya mai ciwo ukun da ke biye sun tsira ba. Mu a gidanmu haka muka ɗauka, har ƙanwata ta sha faɗin hakan. Ya ƙara da cewa mai AS yana da ɗan kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, dalilin da ya sa wannan gadon ya yawaita a ƙasashenmu ke nan. Na yi kuka a daren nan, ba don baƙin ciki kaɗai ba, har da jin cewa yau na gane abin da ke cin yaron.

Jerin kwamfuta bai kai wannan ba, ko da yake na ƙaru. Na gane cewa duk abin da ke cikin wayata, hoton atamfa da saƙon murya da lissafin kuɗi, sifili ne da ɗaya, wuta ta wuce ko ba ta wuce ba, kuma takwas daga cikinsu idan suka jeru suna iya ba da siffa 256 daban-daban. Na ji daɗi ƙwarai da na ji kalmar algoridim daga sunan Al-Khawarizmi ta fito, malamin lissafi Musulmi da ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9. Ma'anarta matakai ne a jere waɗanda ba a tsallake ɗaya, kamar yadda ba na yanka yadi sai na yi awo, ba na saka hannun riga sai na haɗa kafaɗa. Sai dai da mai karatun ya shiga ƙidaya da sifili da ɗaya, kunne kaɗai ba ya ɗauka. Abu ne na takarda da biro. Maimakon barci sai in tsinci kaina ina ƙirga da yatsu, don haka na tsallake darussa huɗu.

Babban ƙorafina harshe ne. Turancin a hankali yake, amma Turanci ne, kuma misalansa na ƙanƙara ne da itatuwan da ban taɓa gani ba. Da an ce gero da kuka da dabino, da maƙwabciyata ma ta amfana, ita da ko firamare ba ta gama ba amma ta fi ni kaifin kai. Sannan suna cire kuɗin wata da kansu ba tare da tunatarwa ba, sai da na ga alat. Abin sawa a kunne kuma yana sa mini ciwo idan na kwanta a gefen dama, yanzu ajiye wayar nake yi kan kujera nesa da kai in rage murya. A sauke darasin da rana lokacin da sabis ke da ƙarfi, ya fi sauƙin data.

Ga mai fama da rashin barci wanda ke jin Turanci daidai gwargwado, ina ganin ta cancanci gwaji. Ga ɗalibi kuwa, na hana ɗiyata ta mayar da ita madadin littafi. Ta yi karatunta zaune da fitila, idan ta kwanta ta kunna abin da ta riga ta karanta ya zama bita.

Ni yanzu darasi ɗaya nake maimaitawa kwana uku, kowane dare in fara daga inda na tuna na tsaya. Ranar Juma'ar da ta wuce na je gidan ƙanwata a Ƙofar Sauri da takarda, na zana mata akwati huɗu, na rubuta AA, AS, AS, SS. Ta daɗe tana kallo, sannan ta kira babbar ɗiyarta da ake maganar aurenta bayan Sallah, ta ce ta zo ta zauna in sake zanawa daga farko.