Neman kaka ɗan Ayalan: a fara daga Dublin ko daga Amurka?

Salam 'yar uwa, na ga tambayarki. Kin ce kakan kakan mijinki ya baro Ayalan zuwa Amurka lokacin babbar yunwar da cutar dankali ta jawo a ƙasar, wajen 1850, abin da dangi suka riƙe kawai shi ne sunan gida Murphy da cewa ɗan Katolika ne, takarda ko ɗaya babu, to ku fara tono a Ayalan ko a Amurka? Bari in jera miki su biyun ki gani.

Ayalan tukuna, tunda can hankalin kowa ke fara tafiya. Babbar matsalar ita ce gobarar 1922, lokacin yaƙin basasarsu ofishin adana takardun gwamnati da ke Four Courts a Dublin ya ƙone, ƙidayar jama'a ta 1821 har zuwa 1851 kusan duk ta tafi sai 'yan guntaye, ta 1861 zuwa 1891 kuma tun kafin gobarar hukuma da kanta ta lalata su. Ta 1901 da 1911 suna nan kyauta a intanet amma kinga mutuminku ya riga ya tsallaka teku da shekara hamsin. Rajistar haihuwa ta gwamnati ma sai 1864 aka fara. Abin da ya tsira mai amfani shi ne littattafan baftisma da ɗaurin aure na cocin Katolika, don ba a Dublin suke ba, a hannun coci-coci suke, kuma laburaren ƙasar ta saka hotunansu a intanet a 2015. Sai Griffith's Valuation, 1847 zuwa 1864, jerin masu riƙe da gida ko gona, shi ma mai gida kawai yake ambata banda iyali.

Toh amma fa duk waɗannan sai kin san ƙauyen. Ƙasar an yanka ta ƙanana ƙanana, abin da suke kira townland, sun haura dubu 60, Murphy kuma shi ne sunan gida mafi yawa a ƙasar. Wallahi kamar ki sauka a tashar Kano ne ki ce kina neman Malam Musa.

Amurka kuma abin bi da bi ne, daga wanda aka sani zuwa wanda ba a sani ba. Ƙidayar 1850, 1860, 1870 da 1880 za su ba ki shekarunsa da matarsa da 'ya'ya da inda ya zauna, ta 1890 ce ta ƙone a 1921. Kar ku ɓata lokaci a takardun Ellis Island, tashar karɓar baƙi ta New York, sai 1892 aka buɗe ta, kuma jerin fasinjojin jirgin ruwa na zamaninsa galibi "Ireland" kawai ake rubutawa shikenan. Inda sunan ƙauye ke ɓuya shi ne dutsen kabari, 'yan Ayalan da yawa sun rubuta gundumarsu har da cocinsu a kai, sai rajistar auren coci, sai sanarwar cigiya ta jaridar Boston Pilot inda dangi ke neman ɗan uwansu su faɗi daga wane ƙauye yake. In a New York ya zauna a duba littattafan Emigrant Savings Bank, bankin 'yan Ayalan da aka kafa a 1850, suna tambayar mai ajiya garinsu da jirgin da ya kawo shi har da sunan iyaye. In ya yi yaƙin basasar Amurka, 1861 zuwa 1865, fayil ɗin fanshonsa ma kan zo da bayani sosai.

Ni dai a ganina Amurka za ku fara, babu ko tantama. Kuma kar ku tsaya a kansa shi kaɗai, ku bi 'yan uwansa da waɗanda suka tsaya wa 'ya'yansa ranar baftisma, sau da yawa 'yan ƙauye ɗaya ne, in nasa kabarin bai faɗa ba na ƙanwarsa zai iya faɗa. Gwajin DNA yana taimakawa wajen nuna yanki da dangi na nesa, amma shi kaɗai ba zai ba ki suna da shekara ba.

Ki ce wa maigidan ya nemo takardar mutuwar kakansa tukuna, daga nan ya dinga komawa baya ɗaya bayan ɗaya. Ranar da sunan ƙauye ko coci ya fito, a ranar za ku buɗe littattafan baftisma na Ayalan.